Yadda ake shirya gida kafin ambaliya a Kano, da abin da ake yi in ruwa ya shigo

Ruwa iri biyu ne ke cin gidaje a Kano, kuma shirin ɗaya ba ya maganin ɗayan. Na farko shi ne na saman da ya sauka a kanka: an tafka shi kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika, lambatu ya ƙi karɓa, kafin rabin awa ya shigo zaure. Wannan shi ne na cikin birni, na Fagge, na Kurna, na duk unguwar da ke zuba ruwanta a rafin Jakara, kuma shi ne ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa atamfofi da shaddoji. Na biyu na kogi ne. Kogin Kano da ke fitowa daga madatsar Tiga da kogin Challawa da ke fitowa daga madatsar Challawa ta Ƙaraye suna haɗuwa a wajen Tamburawa, su nufi Wudil, su shiga Jigawa har Haɗeja. Shi wannan ba ya jiran a yi ruwa a garinku. Yana iya isowa rana tsaka, sama tangaran, kwana ɗaya ko biyu bayan an yi mamakon ruwa a can sama.

Ka fara da sanin wanne ne naka. Kusan duk arewaci da tsakiyar birni Jakara suke zubarwa, ita kuma ta haɗu da rafin Getsi ta tafi madatsar Wasai a Minjibir. Kudanci, irin su Sharaɗa da Panshekara, Challawa suke gangarawa. Tambayi dattawan layinku inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi ɓarna, sannan ka duba jirwayen da ya bari a katangun maƙwabta. In kuma aka ce maka filin gidan a da kududdufi ne aka cike, to ka ɗauka ruwa bai manta hanya ba.

Awon gangara, kafin a taɓa siminti

Yawancin kuɗin da ake kashewa kan ruwa a gida asara ne, domin ba a auna ba. Wani zai ɗaga dokin ƙofa alhali ta rariya ruwan ke shigo masa. Wani zai daɓe tsakar gida fes, amma gangarar ta koma ɗaki.

Abin da kake bukata tiyo ne fari mai nuna abin da ke cikinsa, irin na birkiloli, tsawon mita 10 zuwa 15, da tef ɗin awo, da alli, da mutum na biyu. Cika tiyon da ruwa, ka bar kamar taki ɗaya babu ruwa a kowane baki, ka karkaɗe shi har kumfar iska ta fita duka, don kumfa ɗaya tana iya ɓata awon. A wurin da ya fi kwari a tsakar gida, auna mita 1 daga daɓe ka ja layi a bango. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyon a nan, ɗayan ya fita da ɗaya bakin ƙofar gida. A yi ta ɗagawa da saukewa har ruwan cikin tiyo ya tsaya daidai kan layin alli. Yanzu na waje ya auna daga saman ruwan tiyonsa zuwa gindin kwata, ya sake aunawa zuwa saman titi.

In awon kwata ya ba da santimita 130, kwatar ta fi tsakar gidanka zurfi da santimita 30, ruwanka yana da mafita. In awon titi ya ba da 90, titi ya fi gidanka tudu da santimita 10, kuma duk ranar da kwata ta tumbatsa kai ne mazubarta. Wannan ya yi yawa a tsofaffin unguwanni, inda ake ta ƙara wa titi ciko ana barin gidaje a rami. Maimaita awon a ƙofar kowane ɗaki da bakin masai da bakin rijiya, ka rubuta a takarda. Wannan takardar za ka ba birkila, ba baki ba.

Ruwan gidanka kansa ba kaɗan ba ne. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Fili mai ƙafa 50 sau 50 ya kai murabba'in mita 232, saboda haka ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, zai sauke lita 11,600, wato jarka mai lita 25 sama da 460. Duk wannan ake so ya bi ta rariya ɗaya mai faɗin tafin hannu. Sa bututun roba mai inci 6, ko masu inci 4 guda biyu; mai inci 6 yana ɗaukar kusan ninki uku na mai inci 4. Ba shi gangarar aƙalla santimita 1 a kowace mita, tsakar gida kuma santimita 2 a kowace mita zuwa bakin rariya. A bakin ciki sa raga ta ƙarfe da ake iya cirewa a wanke. A bakin waje, in awo ya nuna kwata na iya dawo maka da ruwa, sa murfi mai buɗewa waje kawai, wanda ruwan gida ke turawa ya fita, na waje kuma ya danne shi ya rufe. Wanda bai samu ba ya tanadi toshi: tsumma a cikin leda mai kauri, daidai bakin bututun. Sai dai ka sani, in ka toshe, na sama zai taru a ciki, sai an kwashe da bokiti ko ƙaramin injin ban ruwa.

Kwata da lambatu

A yashe a Afrilu ko Mayu, a sake a tsakiyar Yuli kafin marka. Daga ƙasa ake farawa a yo sama, wato daga inda kwatar layi ke zuba cikin lambatu. In aka fara daga sama, duk dagwalon da aka motsa zai gangara ya cushe wurin da ba a buɗe ba. Kayan aikin su ne shebur, manjagara, diga, baro, takalmin roba da safar hannu, da dogon rodi mai lanƙwasa a kai don zaƙulo abin da ke cikin kwalbati. Kwalbati ne ke fara toshewa, musamman ƙananan da mutane ke sawa a ƙofar gareji, kuma leda da robar ruwa da yashin gini ne ke cika shi.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne bayan yasa. A tara ƙasar a bakin kwata, a tafi a bar ta, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. A bar ta kwana biyu ta tsane, ranar ta uku a kwashe. Don haka kafin a sa ranar gayya, a je wa mai unguwa, a ce ranka ya daɗe ga abin da muke so, ya haɗa ku da hukumar kwashe shara ta REMASAB ko a yi karo-karo a ɗauko tifa. Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ta fi dacewa, tunda kowa yana gida. Kada a bar yara su shiga rufaffen lambatu ko ƙarƙashin titin da aka shimfiɗa a kan Jakara. Iskar ciki tana sumar da mutum. Wanda kuma ya ɗora shago ko dakali a kan magudana, maganarsa ta mai unguwa ce da hukumar tsara birni ta KNUPDA, ba ta matasan layi da guduma ba.

Gindin katanga

Ginin ƙasa ba daga sama yake faɗuwa ba. Ruwa ne ke kwanciya a gindinsa, ƙasar ta sha ta yi laushi, nauyin soro ya danne ta, katangar ta zauna. Shi ya sa yawancin rushewar ke zuwa da dare a kwana na biyu ko na uku na marka, ba a lokacin da ake tsuga ruwan ba.

Magani shi ne kada ruwa ya tsaya kusa da bango ko na awa ɗaya. Kewaye gindin katanga da daɓen siminti mai faɗin santimita 60 zuwa mita 1, mai gangara waje. Sannan a ɗora mata zane na bulo ko dutse mai tsayin santimita 45 zuwa 60, ko ya ɗara inda jirwayen bara ya tsaya da taki ɗaya, a shafe da kwaɓin siminti 1 yashi 4, a karkata samansa yadda ruwa ba zai zauna a kai ba. Shafa siminti kai tsaye a jikin ƙasa yaudarar kai ne. Ba ya kamawa, ruwa yana shiga ta bayansa ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓamɓaro gaba ɗaya. In dole sai an shafa, a kafa ƙusoshi a ɗaura ragar waya tukuna. Saman bangon kuwa yaɓen ƙasa da makuba ya fi masa, a sabunta kafin damina.

Hau soro ka duba indararo. Ya zarce bango da aƙalla santimita 50, kada ya tsage a inda ya shiga gini, kuma a sa dutse ko daɓe a inda ruwansa ke faɗowa don kada ya haƙa rami a gindin katanga. Tsagar da ta bi tsaye a kusurwa, ko wadda yatsa ke shiga, ba ta liƙi ba ce, a kira magini. Gidan bulo ma bai tsira ba: doguwar katangar waje da aka yi da bulo mai inci 6 ba ginshiƙai tana kifewa in ruwa ya taru a gefe ɗaya. A bar mata ƙananan ramuka a layin bulo na ƙasa.

Masai, rijiya, wuta

A kwashe masai da sokawe tun bazara. Kada a kwashe su tas ana tsakiyar marka, domin ƙasar da ke kewaye ta sha ruwa, ramin da ba komai cikinsa yana iya burmawa. Bakin masai ya ɗara tsakar gida da santimita 30 ko fiye, da murfi mai nauyi. Rijiya a ɗaga mata baki zuwa ƙugu, santimita 70 zuwa 80, da daɓe kewaye da murfi mai kulle. Soket ɗin da ke kusa da ƙasa a mayar da shi sama da mita 1. Kowa a gidan, har da uwargida da manyan yara, ya san inda babban makunnin wuta yake da yadda ake zare fiyus. Janareta, batiran sola, firji da buhunan hatsi a ɗora su kan bulo biyu ko benci. Takardun gida, shaidar makaranta, katin ɗan ƙasa da katin asibiti a ɗauki hotonsu a waya, a sa su leda biyu, a cikin bokiti mai murfi, a saman kabad. 'Yan kasuwa su ɗaga layin kanta na ƙasa, kada a bar dila a kan daɓe daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba.

Buhun yashi

Buhun shinkafa mai kilo 25 ya fi sauƙin ɗauka. Zuba yashi rabi ko kashi biyu cikin uku, ba fiye ba. Buhun da aka cika fam yana zama dunƙule, ya bar kafa tsakaninsa da na kusa. Ba sai an ɗaure ba, a naɗe bakin a ƙarƙashinsa. Fara shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol a jikin ƙofa ta waje, ta sauko ta kwanta a ƙasa, sannan a jera buhuna a kanta irin jerin bulo, na sama ya rufe mahaɗar na ƙasa biyu, ana tattake kowane layi da ƙafa. Layi ɗaya yana ba da kamar santimita 10. Ƙofa mai faɗin santimita 90 tana cin buhu 10 zuwa 12 kafin ta kai santimita 30 zuwa 40 in aka ninka layin ƙasa.

Buhu yana rage ruwa ne, ba ya hana shi ɗungurungum, kuma yana da iyaka. Ruwa mai zurfin santimita 60 yana tura kowace mita ta bango da nauyin kusan kilo 180. In na waje ya wuce gwiwa, ci gaba da tare shi yana iya kayar da katangar a kan mutanen ciki. A nan barin gidan ya fi.

Daren da aka tsuge

Ruwa na taɓa dokin ƙofa, a kashe wuta daga babban makunni, da busasshen hannu, a tsaye kan busasshen wuri. In ruwan ya riga ya kai wurin makunnin, kada a taɓa, a fita a kira ma'aikatan wuta. A rufe tukunyar gas. A tashi kowa daga barci, a fitar da tsofaffi da yara da masu jego daga ɗakunan ƙasa zuwa inda aka riga aka shirya: gidan ɗan'uwa mai bene, makaranta ko masallacin da ke kan tudu. Alamun bango zai tafi su ne ƙasa na zubowa daga azara, ƙofa ta ƙi rufuwa alhali jiya tana rufuwa, sabuwar tsaga, ko danshi ya hau bango ya wuce ƙugu. Ko ɗaya aka gani, kada a koma ɗaukar kaya. A kwance dabbobi daga turke.

A waje, ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, balle Adaidaita Sahu. Babban haɗarin Kano shi ne buɗaɗɗen lambatu da ruwa ya shafe bakinsa, ba a gane inda titi ya ƙare. In tafiya ta zama dole, a riƙe doguwar sanda ana dogarawa gaba, a goya yara, a nisanci turakun wuta da wayar da ta faɗo. Masu mota su guji gadojin ƙarƙashin ƙasa irin na Kabuga da Gadon Ƙaya har ruwa ya janye. Motar da ta mutu a ruwa kada a sake tayar da ita. In ruwa ya shiga inji, tayarwar ce ke lanƙwasa ƙarafan ciki. A cire kan batir, a jawo ta wurin bakanike. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kuma 'yan kwana-kwana su ne masu ceto a ruwa da rijiya.

In kana bakin kogi

Mutanen Tamburawa, Kura, Dawakin Kudu, Warawa da Wudil suna da abin da na cikin birni ba su da shi, wato lokaci. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, kuma tana fitar da na ambaliya da sunayen ƙananan hukumomi, sannan hukumar kula da kogunan Haɗeja da Jama'are ita ke riƙe da Tiga da Challawa. In madatsa ta cika, rarar ruwan dole ta bi kogi. Saurari rediyo, amma ka kafa ma'auninka: turke mai ƙarfi a gaɓa, da zanen fenti a kowane santimita 10, a duba safe da yamma, a rubuta. Saurin hawan ya fi tsayin muhimmanci. In ya hau zane ɗaya cikin yini, a fara ɗauke hatsi, taki da injin ban ruwa. In yana hawa zane ɗaya cikin awa, mutane ake fitarwa. A sa wa turken jan zane a inda unguwa ta amince cewa da ya taɓa shi kowa zai tashi, don kada a tsaya gardama cikin dare. Madatsa kuma tana iya ɓallewa: ta Bagauda ta yi a Agustan 1988, ta Alau ta shanye Maiduguri a Satumban 2024. Labarin ɓallewa in ya zo daga hukuma, ba a jiran ganin ruwa.

Bayan ya janye

Namiji babba ɗaya ya fara shiga, da rana, da takalmin roba da sanda, saboda macizai da kunamu suna fakewa a cikin kaya. Ya duba bango da rufi kafin kowa ya biyo. A ɗauki hoton ɓarnar kafin a taɓa komai, a kai rahoto wurin mai unguwa, shi ne hanyar zuwa ƙaramar hukuma da SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Kada a mayar da wuta sai mai gyara ya buɗe soket ya ga sun bushe. Janareta a waje, nesa da taga.

A kwashe laka tun tana da danshi, a wanke da sabulu, sannan a bi da ruwan bilic, wato sinadarin wanke fararen kaya mai kashe ƙwayoyin cuta: rabin lita na mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 a bokiti mai lita 20, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Kada a haɗa shi da maganin wanke masai mai asid, hayaƙinsa guba ne. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar, domin ruwan ambaliya a gari haɗe yake da na masai. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna ko dabba kada a ba. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa maganin tace ruwa yadda aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Wanda ya fara gudawa a haɗa masa lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti. In gudawar ta yi fari tsararo, kwalara ake zargi, ba a kwana da ita. Wanda ƙusa ko kwano ya yanka ya je a duba batun allurar tetanus. Ruwan da ya kwanta a tayoyi da gwangwanaye a zubar cikin mako, don sauro kwana 7 zuwa 10 yake bukata.

Rijiyar da ruwa ya shiga ba a sha sai an wanke. A jira ruwan ƙasa ya sauka, a kwashe a hankali cikin kwana biyu ko uku don kada bangonta ya rufta. Kada a saukar da injin fetur ciki, kada kuma kowa ya shiga sai masu sana'ar, da igiya a ƙugu da mutane a sama. In ta sake tara ruwa, auna zurfinsa: rijiya mai faɗin mita 1 tana riƙe lita 785 a kowace mita ta zurfi, kuma kowace mita tana bukatar lita 1 da ɗan ɗori na bilic mara turare. A dama shi a bokiti, a zuba, a motsa da guga, a rufe awa 12 zuwa 24, sannan a yi ta ja ana zubarwa har warin ya ragu sosai. Ko bayan haka a ci gaba da tafasa na sha har ƙarshen damina, musamman in masai bai kai mita 15 daga rijiyar ba.